Littafin Awon Wuta: Shekara Guda Ina Bin Kasuwar Sarin Lantarki Daga Tudun Wada

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Yau na sayi littafi mai baƙin bango na ja masa layuka. Abin da ya jawo haka shi ne zaman da aka yi shekaranjiya bayan La'asar a ƙofar shagon Kawu. Masu injin niƙa, masu ƙanƙara, mai walda da teloli biyu na layinmu sun haɗu kan magana ɗaya: a haɗa kuɗi a sayi sola, ko a ci gaba da lallaɓawa da wutar gwamnati da janareto? An daɗe ana ja, kowa da ra'ayinsa, amma babu wanda ya zo da lissafi. Can Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ne ka yi karatun tattalin arziki. Ka bi mana diddigin abin nan shekara guda, ka kawo mana magana a rubuce." Na ce, "To Kawu, in Allah ya yarda."

Wutar da ke shigowa shagunanmu hajar kiri ce. Akwai kasuwar sari a bayanta, kuma duk ɗan kasuwa ya san wanda bai leƙa wajen 'yan sari ba ba zai gane dalilin tashin kaya a tebur ba. Saboda haka can zan fara.

Layukan da na ja biyar ne. Na farko na sa masa suna "buƙatar ƙasa", wato adadin megawat mafi yawa da ya hau babban layin ƙasa a yini, wanda masu kula da layin ke wallafawa. Sai canjin dala, sai kuɗin litar fetur, sai kuɗin yunit ɗaya na wuta. Na biyar awoyin da wuta ta zauna a wurare uku: shagon Kawu a nan Tudun Wada ta Zariya, gidan Hajiya mai ƙanƙara a Sabon Gari inda ɗanta zai riƙa rubutawa, da ɗakin wani abokina a Samaru.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Mako guda ina karanta rahotannin NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, har na samu fasalin kasuwar a kaina. Bari in ajiye shi a nan yadda zan iya faɗa wa Kawu.

Tun da aka yi dokar garambawul ta 2005 aka farfasa NEPA, sannan a ranar 1 ga Nuwamba, 2013 aka miƙa kamfanonin ga 'yan kasuwa. Yanzu hannu uku wuta ke bi. Akwai masu samarwa, irin su Egbin a Legas mai ƙarfin megawat 1,320 da madatsun Kainji, Jebba da Shiroro. Akwai TCN mai manyan turaku da wayoyi, wanda ya ci gaba da zama na gwamnati. Shi ne ɗan dako. Sai kamfanonin rarrabawa 11 masu kai wa gidaje da shaguna. A tsakanin masu samarwa da masu rarrabawa aka kafa dillali, kamfanin NBET, yana saye a dunƙule bisa yarjejeniyar shekaru yana sayar wa masu rarrabawa. A watan Yulin bana hukumar ta ba da umarnin dillalin ya daina ƙulla sabuwar yarjejeniya, a fara barin mai samarwa da mai rarrabawa su yi cinikinsu kai tsaye.

Abin da ya raba wannan haja da masarar kasuwar Giwa shi ne ba ta da rumbu. Manomi na iya ɓoye buhunsa da kaka ya fito da shi lokacin da ta yi daraja. Wuta kuwa a daƙiƙar da aka haife ta ake shanye ta. Shi ya sa ma'aikatan cibiyar kula da layi a Osogbo ke zaune dare da rana suna kallon bugun layin, wato saurin kaɗawar wutar, wanda ya kamata ya tsaya a sau 50 cikin daƙiƙa. In masu ja suka fi abin da ake zubawa, bugun ya yi ƙasa. In ba a yi maza an sauke wasu unguwanni ba, injina su kare kansu su mutu ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta yi duhu. Wannan shi ne abin da rediyo ke kira durƙushewar babban layi.

A makon nan fetur ya haura naira 1,000 a gidajen mai. Na rubuta shi da jan biro.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kwana uku ke nan layin awoyi babu komai sai sifiri a duka wurare ukun. Da fitilar waya nake wannan rubutu, wayar ma a masallaci aka taimaka mini da caji.

TCN ta ce an lalata turaku a layin Shiroro zuwa Mando da ke Kaduna, kuma rashin tsaro a dajin ya hana ma'aikata shiga gyara. Layin da ya rage yana ɗauko mana wuta daga kudu, wanda ya taso daga Ugwuaji a Inugu ya bi ta Apir a Binuwai, shi ma ya faɗi da asubahin Litinin. Tun kafin wannan, babban layin ƙasa ya durƙushe fiye da sau ɗaya a makon jiya.

Hajiya ta kwashe kifi da kajin da mutane suka ba ta ajiya ta mayar musu. Mai walda ya rufe shago ya tafi gona taya wansa yankan dawa. Niƙa ta yi tsada har mata sun koma turmi. Allah ya kawo mana sauƙi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Wuta ta dawo a ƙarshen wata bayan an gyara layin Ugwuaji. Ba ta koma yadda take ba, amma an ji ƙarar injin niƙa a layinmu, yara har da ihu.

Da na zauna cike kwanakin da suka wuce, sai na ga abin da ya sa na soke sunan layin farko. A kwanakin da Zariya da Kano da Katsina da Bauci ke cikin duhu, adadin ƙasa bai koma sifiri ba, raguwa kawai ya yi. Wanda ya kalli wannan lamba daga nesa zai ce buƙata ce ta ragu a Najeriya. Alhali buƙatarmu ba ta taɓa kaiwa ta waɗannan kwanaki ba. Ashe lambar ba ta auna abin da mutane ke so. Tana auna abin da aka iya samarwa aka kuma iya ɗaukowa. Na goge "buƙatar ƙasa" na rubuta "abin da aka iya bayarwa".

Wannan gyara ya canza mini aikin gaba ɗaya. Tashoshin ƙasar nan a takarda ƙarfinsu ya kai megawat 13,000 ko kusa da haka, amma abin da ke hawa layi kullum yana yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000, ga mutane sama da miliyan 200. A irin wannan hali, ko nawa aka zuba za a shanye. Kamar a kawo tankar ruwa ɗaya unguwar da rijiyoyinta suka ƙafe ne: yawan jarkokin da aka cika ba ya gaya maka yawan masu ƙishi, girman tankar kawai yake gaya maka.

Na kuma fahimci inda muke a taswira. Yawancin tashoshin gas suna kudu, kusa da rijiyoyin. Madatsun ruwa suna yankin jihar Neja. Mu nan a ƙarshen igiya muke: wuta ta iso Mando a Kaduna, a rage mata ƙarfi, a turo ta Zariya. Hanyoyin da take bi zuwa arewa 'yan kaɗan ne, in biyu suka yanke shi ke nan. Ana shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano tun 2020, mai tsawon kilomita 614. Ranar da gas ya iso aka kunna tasha a arewa, wannan shafi na littafin zai zama tarihi. Ina roƙon Allah ya nuna mana.

Lahadi, 15 ga Disamba

Hunturu ya shigo, hazo ya rufe dutsen Kufena. Babu mai kunna fanka, cinikin Hajiya ya kwanta, wuta kuma ta fi zama kuma ta fi ƙarfi da rana. Taransifomar layinmu da ke gurnani lokacin zafi yanzu shiru take. Amma layin kuɗin yunit bai motsa ba ko da kwabo. A kasuwar hatsi in masu saye suka ja baya dole farashi ya sauka. A nan bai sauka ba. Wannan ya sa na kwashe makonni uku ina neman abin da ke motsa shi.

Ga abin da na samu. Farashin sari a ƙasar nan ba a filin ciniki ake yanka shi ba. Hukuma ce ke lissafa shi da wasu ma'aunai: canjin dala, tsadar kayayyaki, kuɗin gas, da yawan wutar da ake sa ran samu. Mai tasha kuma kuɗi iri biyu ake biyansa. Akwai kuɗin zaman shiri, wato ladan ajiye injinsa a shirye ko an ja ko ba a ja ba, kamar wanda ya ɗauki shatar mota ta kwana a ƙofar gidansa. Akwai kuma kuɗin wutar da aka sha a zahiri.

Gas shi ne uwa uba, domin kusan kashi uku cikin huɗu na wutar ƙasar daga gare shi take. Da dala ake yanka masa kuɗi ko da a nan gida aka haƙo shi. Tun watan Afrilun bana ma'auni ɗaya, wanda ake kira MMBtu, dala 2.42 ne ga tashoshin wuta. Irin injinan da suka fi yawa a ƙasar nan suna cin kimanin ma'auni 10 kafin su ba da yunit 1,000. Ke nan gas na dala 24 da 'yan kai. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan gas bai wuce naira 11 a kowane yunit ba. Yau da dala ta haura 1,500, ya zarce naira 36. Wannan gas ɗin kaɗai ke nan. Ba a sa dakonsa ta bututu ba, ba a sa kayan gyara da su ma da dala ake sayowa ba, ba a sa ladan ɗan dako da na mai rarrabawa ba.

Na kai wa Kawu wannan lissafi da daddare yana shan shayi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato kana nufin wutar shagona ɗan canji ne ke yanka mata kuɗi, ba zafin rana ba?" Na ce, "Kusan haka ne, Kawu." Ya ce in ja layi a ƙarƙashin wannan magana. Na ja.

Sai kuma zancen rukuni, wanda kowa a layinmu ya sani da bakinsa amma ba kowa ya san tsarinsa ba. An raba masu shan wuta gida biyar bisa awoyin da aka yi musu alkawari: rukunin A awa 20 zuwa sama, B 16, C 12, D 8, E 4. Ranar 3 ga Afrilun bana aka ɗaga kuɗin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225, a watan Mayu aka sauko da shi 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Sauran rukunan aka bar su ƙasa da naira 70, gwamnati ta ce ita za ta cike giɓin. Hukumar ta ce 'yan rukunin A kimanin kashi 15 ne cikin ɗari na masu mita da bil, amma suna shan kusan kashi 40 na wutar. Ɗan kasuwar da kayansa ba su isa kowa ba, kuma wani mai saye na biyan ninki uku na wani, ba sai an faɗa maka wanda zai fara auna wa ba. Ban ga laifin lissafin ba a matsayin lissafi. Amma mai injin niƙa da ke layin talakawa shi ne ke ciyar da unguwa, kuma shi ne ke ƙarshen sahu.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Abu ɗaya kawai zan rubuta yau, don ya burge ni. Na ɗauka da rani duk madatsun ruwa ke ja baya tare. Ashe Kainji cika biyu take samu. Akwai ta damina, daga ruwan da ya sauka a nan kusa. Akwai kuma wadda ke isowa yanzu cikin sanyi: ruwan da ya zuba a tsaunukan ƙasar Gini tun damina, ya ratsa Mali, ya yi watanni yana malala a fadamun can, ya bi ta Yamai, sai yanzu yake shigowa. Jebba na ƙasa da Kainji, ita ma tana cin moriyarsa. Shiroro kuwa a kan kogin Kaduna take, ba ta da wannan gata. Na ƙara ƙaramin layi na shida don rabon madatsu a wutar ƙasa.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi na biyar. Zafi ya fara tun kafin watan ya kama. TCN ta sanar cewa jiya wutar da ta hau layi ta kai megawat 5,801.84, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Na yi murna da gaske, don kowane megawat wani ne ya sha ruwan sanyi da shi. Sai dai na duba baya na ga a watan Maris na 2021 an kai 5,801.60. Shekara huɗu, ƙarin bai kai megawat ɗaya ba. A cikin shekarun nan an gama madatsar Zungeru mai megawat 700, an haifi yara miliyoyi, unguwanni sun tsiro a Dakace da hanyar Shika inda da gonaki ne. Rufin yana nan inda yake.

A littafina lokacin da aka fi jan wuta shi ne daga Magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare. Da azumi kuma an samu wani ƙaramin tudu da sahur.

Asabar, 22 ga Maris

Yau na je Sabon Gari karɓar takardun ɗan Hajiya, na tarar da layi a ƙofar gidan tun bayan Azahar. Masu kunun aya, masu zoɓo, masu lamurje, yara da kuloli. Na zauna ina kallo har La'asar, kuma a nan na ga abin da na yi wata biyar ina nema a takardun hukuma ban samu ba.

Kuɗin ƙanƙara yana motsi. Ranar da wuta ta kwana, da safe akwai kaya a kowane gida, farashi ya sauka. Ranar da aka kwana da janareto ya hau. Yana hawa in aka doshi shan ruwa, yana faɗuwa bayan Isha'i don ba mai son kayansa su narke a hannunsa. Hajiya ba ta karanta rahoton kowa, amma tana sauya farashi sau uku a yini kuma ba ta kuskure. Na ce mata, "Hajiya, ke ce kasuwar wutar Zariya." Ta ce, "Ɗan nan, ni dai na san in NEPA ta yi mini adalci nakan yi wa mutane."

A wasu ƙasashe haka farashin sarin wutar kansa yake yi. A Ingila duk rabin awa ake daidaita shi. A jihar Texas ta Amurka, lokacin tsananin sanyin Fabrairun 2021, yunit 1,000 ya kai dala 9,000. A Jamus kuma ranar da iska da rana suka yi yawa farashi kan faɗi ƙasa da sifiri. Ba ina cewa wannan ya fi alheri ga talaka ba. Mutanen Texas sun sha wuya. Amma a can ƙarancin yana fitowa a farashi, kowa ya gani, mai kuɗi ya ga riba ya gina sabuwar tasha. A nan an ɗaure farashin, sai ƙarancin ya nemi wata ƙofa. Yana fitowa a awoyi, a ƙarar janareto, a kuɗin ƙanƙara da na cajin waya da na niƙa.

Na yi lissafin janareto don in kwatanta. Ƙaramin inji mai shan fetur yana cin rabin lita ko fiye kafin ya ba da yunit ɗaya. Da fetur a kusa da naira 1,000, yunit ya tashi naira 500 zuwa sama, ban da baƙin mai da kuɗin makanike. Ke nan wanda ke layin naira 60 da wani abu amma yana samun wuta awa shida, ya cike sauran da janareto, ya fi ɗan rukunin A biya nesa ba kusa ba. Arha ce a takarda kawai. Daga yau na buɗe layi na bakwai: ainihin kuɗin yunit, wato na wutar gwamnati da na janareto a haɗe bisa awoyin kowanne. Wannan layin ne zai amsa tambayar Kawu.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Labarai uku a wannan wata. An cire sashen kula da layi da na lissafin kasuwa daga TCN an mai da su hukuma mai zaman kanta, NISO, kamar yadda dokar lantarki ta 2023 ta tanada. Hakan daidai ne a ganina. Bai kamata ɗan dako ya zama shi ne kuma mai riƙe da ma'auni ba. Na biyu, an rage kuɗin gas na tashoshi zuwa dala 2.13, ragin kashi 12 cikin ɗari, sai dai dala ta ɗan ƙara hawa ta cinye wani ɓangare. Kuɗin yunit a wajenmu bai canza ba.

Na uku shi ne ya hana ni barci. Kamfanonin samar da wuta sun fito sun ce suna bin bashin da ya kai naira tiriliyan 4, wani na tallafin da gwamnati ta yi alkawari ba ta biya ba, wani tsohon bashi. Tallafin shekarar 2024 kaɗai ya kusa tiriliyan 2. Ga yadda igiyar take: mai rarrabawa ba ya tara kuɗin duk wutar da ya karɓa, domin sama da kashi ɗaya cikin uku na salwanta tsakanin tsofaffin wayoyi, satar wuta da bil ɗin da ba a biya ba. Abin da ya miƙa sama bai cika ba. Gwamnati ta yi jinkirin cikawa. Mai tasha ya kasa biyan mai gas. Mai gas, wanda ke da masu saye a waje da ke biya da dala a kan lokaci, ya rage abin da yake turowa. Injin ya tsaya lafiyarsa lau, babu abin da zai ƙona. Mu kuma a nan mu ce an ɗauke wuta.

Na faɗi wannan a majalisa, na kuma faɗi ɓangaren da ya shafe mu, don ba zan ɓoye ba: duk wanda ya zagaye mita ya jona waya, yana cikin masu kashe injin nan. Wasu ba su ji daɗi ba. Mai walda ya ce, "Malam, wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi ba tare da ya ga wuta ba fa?" Gaskiyarsa, shi ma zalunci ne, kuma maganinsa mita. Amma zalunci biyu ba sa haɗuwa su kunna kwan fitila.

Lahadi, 18 ga Mayu

Mafi munin awoyi tun bayan Oktoba a makonnin nan suke, a duka wurare ukun. Zafi ya kai maƙura, kowa na ja, ruwan Shiroro ya yi ƙasa. Wutar ma in ta zo da yamma ba ta iya tayar da firiza. An yi yayyafi sau biyu, iska ta kayar da turaku a wasu unguwanni. Layi na bakwai ya yi tsalle. Layi na huɗu yana nan a kwance kamar an zana shi da rula.

Lahadi, 10 ga Agusta

Ruwa ake yi tun daren jiya. Da safe na bi ta gadar Kubanni na tsaya ina kallonsa ja wur yana gudu. Wannan ruwa Galma zai faɗa, Galma ta kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta zuba shi a Shiroro, ya juya injinan megawat 600, ya dawo mana ta waya. Tun ina yaro nake wuce wannan gada ban taɓa kallonta haka ba. Layi na shida ya fara hawa, awoyi sun gyaru, gari ya yi sanyi kuma masu ja sun ragu. Wutar ruwa ita ce mafi arha a duk abin da ake zubawa a layi, don ba a sayen ruwa da dala.

Jihar Inugu, wadda ta karɓi ikon kula da kasuwar wutarta ƙarƙashin sabuwar doka, ta rage kuɗin rukunin A zuwa naira 160 daga farkon watan nan. Masu samarwa da masu rarrabawa sun yi ca, suna cewa jiha na iya yanka farashin kiri amma wutar daga kasuwar sarin ƙasa take fitowa, kuma can ba a rage komai ba. Zan ci gaba da bin wannan magana, domin duk jihar da ta karɓi nata ikon za ta tarar da wannan tambaya tana jiranta.

Lahadi, 28 ga Satumba

Shekaranjiya bayan La'asar na kai littafin ƙofar shagon Kawu. Ban karanta musu lambobi ba, na zana layi biyu a bayan kwali: kuɗin yunit na hukuma a miƙe, ainihin kuɗin da muke biya kuma yana hawa daga Maris zuwa Mayu yana sauka da damina da hunturu. Na ce musu watannin da wuta ta fi yi mana tsada su ne watannin da rana ta fi ƙarfi, kuma awoyin da muka fi ƙona fetur a shaguna na rana ne.

Shawarata ita ce kada a yanke waya. Wutar gwamnati, ko ta rukunin A ce, ta fi janareto arha da nisa. Solar da za a saya a auna ta da aikin rana: firizojin Hajiya da na sauran masu ƙanƙara, kekunan teloli, fankoki da caji. Batura su ne masu cin kuɗi, a sayi kaɗan. Injin niƙa da na walda suna fizgar wuta da yawa lokacin tashi, kuɗin da ke hannu ba zai ɗauke su ba a zagayen farko. Su a taimaka musu da neman mita da gyaran wayoyin shagunansu. Mai niƙa bai so haka ba, ya ce da shi aka fara maganar. Kawu ya ce masa, "Ƙanena, ka yi haƙuri, zagaye na biyu naka ne, ni na ɗauki alkawari." Aka yi addu'a aka tashi a kan za a fara karɓar kuɗi bayan an sayar da amfanin gona.

Hajiya ta aiko ɗanta da daddare da tambaya: in an kafa solar, yaya za a raba kuɗin tsakanin mai firiza uku da mai keke ɗaya? Na ce ya gaya mata kowane shago za a sa masa ƙaramar mita, kuma zan kawo lissafin farashin yunit ranar Juma'a. Littafin farko saura shafi huɗu. Gobe zan shiga kasuwa in sayi na biyu, in ja masa layi na takwas don wutar da za mu samar da kanmu.